Lufa ko Samfila: Shawara ga Mai Shirin Sayen Na'urar Haɗa Kiɗa

Akwai lokacin da kwamfuta kan gunduri mai haɗa kiɗa. Mutum ya daɗe zaune gaban manhajar FL Studio yana jan linzami, sai ya ji hannunsa na ƙaiƙayin abin da zai buga, ya murɗa, ya taka. Ana cikin haka sai ya ci karo da bidiyon wani mawaƙi shi kaɗai a kan dandamali, ya yi kiɗan baki, ya ɗora murya, ya ɗora wata, kafin ka ankara wuri ya cika da sauti kamar mutum goma ne ke wasa. Daga ranar sai a fara tara kuɗi. To kafin kuɗin su cika nake so mu yi magana, domin na'urorin nan gida biyu ne. A hoto kamanninsu ɗaya, akwati ne da madannai da fitilu, amma aikinsu ya sha bamban, kuma asarar da aka fi tafkawa ita ce mutum ya sayi ɗaya alhali ɗayar yake bukata.

Ta farko ita ce lufa, na'urar maimaita sauti. Ka danna, ka yi kiɗa ko ka rera, ka sake dannawa, ita kuma ta shiga juya abin da ka yi ba tsayawa, kai kuma kana ɗora wani a kai. Aikinta kamar na 'yan amshi ne: ka ba su amshi sau ɗaya, su riƙe maka shi kai kana ta zuba baitoci. Sai dai 'yan amshi suna jin ka, in ka ja su ja, in ka sassauta su sassauta. Lufa ba ta jin kowa. Yadda ka ba ta haka za ta mayar maka, har da kuskurenka. Dabarar tsohuwa ce, tun a shekarun 1960 makaɗi Terry Riley yake yin ta a Amurka da rikodoji biyu masu zaren tef, amma ba ta shiga hannun kowa da kowa ba sai da aka mayar da ita ɗan akwatin takawa da ƙafa, irin RC-20 da kamfanin Boss ya fitar a 2001. A 2004 KT Tunstall ta yi wasa da lufa ita kaɗai a wani shirin talabijin na BBC, abin ya ɗaukaka ta, daga baya kuma Ed Sheeran ya riƙa cika manyan filayen wasa daga shi sai jitarsa sai lufa a ƙarƙashin ƙafa.

Ta biyu ita ce samfila, na'urar ɗibar sauti. Ita ba ruwanta da gaggawa. Kana ɗaukar sauti, ko bugun ganga ɗaya, ko tafi, ko wani yanki na tsohon faifai, ka yanyanka shi, ka raba wa madannai, ka ɗaga muryarsa ko ka saukar, sannan ka jera su yadda kake so su fito. Ta farko da ta yi suna, Fairlight CMI, a Ostireliya aka ƙera ta a 1979, kuma sai manyan masu kuɗi ke iya mallakarta. Waɗanda suka raini kiɗan hip-hop su ne SP-1200 ta kamfanin E-mu ta 1987, da MPC60 ta Akai ta 1988, wadda Roger Linn ya tsara da madannan roba 16. SP-1200 sautin daƙiƙa 10 kacal take iya riƙewa, kuma da wannan ɗan abin aka yi faya-fayen da har gobe ake koyo daga gare su. Ka riƙe wannan a ranka duk lokacin da mai shago ya fara lissafa maka gigabayit.

Tambayar da za ta raba maka gardama guda ce: kiɗan naka, a hannunka yake ko a kanka? In kana kaɗa wani abu, jita ko gurmi ko fiyano ko kalangu, ko kuwa makogwaronka ne jarinka, kuma burinka ka tsaya gaban jama'a ka gina waƙa suna kallo, lufa kake nema. In kuwa kai mai zama ne ka yi ta tunanin yadda wannan sauti zai zauna kusa da wancan, ka goge ka sake, ka kwana ka tashi a kan kiɗa ɗaya, samfila ce taka. Gaskiya ne yanzu kamfanoni suna cusa aikin wannan a cikin waccan, za ka samu samfila mai ɗan lufa a ciki. Kada hakan ya ruɗe ka. Kowace na'ura da aikin da aka gina jikinta dominsa, saura ƙari ne.

Bari mu fara da mai neman lufa. Abu na farko, da me za ka danna ta? Wanda hannayensa biyu ke kan gurmi ko jita dole ta ƙafa zai saya. Mai kiɗan baki da mawaƙin da makirufo kawai yake riƙewa, ta kan tebur ta fi masa, wato irin su RC-505 ta Boss da ta fito a 2013, aka sabunta ta a 2021, mai layi biyar kowanne da madanninsa da abin ƙara masa murya. Ita ce za ka gani gaban yawancin masu gasar kiɗan baki.

Abu na biyu shi ne ƙofar shigar sauti, kuma a nan mawaƙa da yawa suke faɗawa rami. Ƙananan lufofi masu araha, kamar Ditto ta TC Electronic da RC-1 ta Boss, domin masu jita aka yi su. Ramin da ke jikinsu na wayar jita ne, ba na makirufo ba. Mawaƙin da ya sayi ɗayansu sai ya nemi mikisa ya tsaya a tsakani, ka ga kuɗi sun ƙaru, wayoyi sun ƙaru, abin da zai iya lalacewa ranar wasa ma ya ƙaru. In murya za ka sa, ko kayan kiɗan gargajiya da sai da makirufo ake ɗaukarsu, nemi mai rami mai haƙora uku da ake kira XLR. RC-500 tana da shi, RC-505 tana da shi, tsohuwar RC-30 ma tana da shi. In makirufonka irin na situdiyo ne mai bukatar wutar bolt 48, duba ka tabbata na'urar tana bayarwa. Amma a kan dandamali ni ba na ba da shawarar irinsa. Yana da kunne da yawa, zai kwaso abin da lasifika ke fitarwa ya sake zuba shi cikin zagayen, kowane ɗori ya ƙara datti, har a ƙarshe kiɗan ya zama hayaniya ko lasifika ta ɗauki kuka. Makirufon hannu irin Shure SM58 ya fi rufin asiri, ka kuma juya wa lasifika bayansa.

Na uku, layi nawa? A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Lufa mai layi ɗaya makaranta ce mai kyau, Ditto ma madanni ɗaya ne da abin murɗawa ɗaya, tana ɗaukar minti biyar, cikin yini guda za ka gane ta. Amma duk abin da ka ɗora ya dunƙule wuri ɗaya. Ba za ka iya janye ganga ka bar amshi ba, ba za ka iya kashe komai ka bar tafi kaɗai a lokacin da baiti ya zo wurin da yake son sarari ba. Waƙarmu kuwa doguwa ce, baiti ya biyo baiti, kuma abin da ke hana mai sauraro ƙosawa shi ne wannan shiga da fita. Saboda haka mawaƙin da ke nufin fita da ita bainar jama'a kada ya sayi ƙasa da layi biyu. Sannan ya tabbatar tana da madannin janye ɗorin ƙarshe, domin ranar da ya yi tuntuɓe a ɗori na huɗu ba sai ya rushe ukun farko ba. Mai son ajiye abin da ya gina ya duba gurbin ajiya. RC-5 ƙarama ce amma tana da gurbi 99.

Akwai wurin da lufa ba ta dace ba sam, gara in faɗa tun yanzu. A wurin biki, makaɗi idonsa na kan masu rawa. Ya ga uwar amarya ta shigo fili, ya sauya take. Ya ga an fara liƙi, ya ƙara wuta. Lufa ba ta san an shigo ba. In kana wasa da makaɗa masu rai, da zarar ka kunna ta kowa ya zama bawanta, wanda ya kauce da ƙiris kiɗa ya karkace. Na'urar mai wasa shi kaɗai ce, ko mutum biyu da suka saba da juna ƙwarai.

Yanzu mai neman samfila. Tambayarka ta farko za ta ba ka mamaki: shin tana ɗaukar sauti da kanta? Ba dukansu ba. Volca Sample ta Korg da Model:Samples ta Elektron suna kunna sautin da ka loda musu daga waya ko kwamfuta ne kawai, ba su da inda za ka jona makirufo ka ɗauka. Ba aibi ba ne ga wanda ya sani ya saya. Amma wanda burinsa ya zauna da mai kukuma ya ɗauki zarensa nan take, ya ga sunan ya ɗauka ta yi, zai yi cizon yatsa.

Bayan wannan, sai ka duba yadda kake son yin aiki. Gidan MPC, kamar MPC One ta 2020, kusan situdiyo ce sukutum a cikin akwati, da allon taɓawa da komai, za ka iya fara waƙa ka gama ta a ciki. Illarta ga wanda kwamfuta ta ishe shi ita ce zai tarar da wata kwamfutar ce ya sake saya, mai ƙaramin allo. SP-404 ta Roland, wadda ta fara fitowa a 2005 aka yi mata sabon zubi mai suna MKII a 2021, ta fi saurin shiga jiki: ɗauka, yanka, buga, murɗa sauti ya sauya launi. Ta dace da mai aiki da kunne. Digitakt ta kamfanin Elektron na Suwidin kuwa ta mai lissafi ce, wanda yake jin daɗin jera taki ɗaya bayan ɗaya yana ba kowanne halinsa, kuma koyonta yana son haƙuri. Akwai na aljihu, irin PO-33 ta Teenage Engineering mai makirufo a jikinta, mai riƙe daƙiƙa 40, mai aiki da ƙananan batura biyu. Mai ganga da ya fi son sanda a hannu ya duba SPD-SX ta Roland, wadda da sanduna ake bugunta.

Batun girman ajiya kada ya tayar maka da hankali. Sauti mai ingancin faifan CD yana cin kimanin megabayit 10 a minti ɗaya in na kunne biyu ne, rabin haka in na kunne ɗaya ne. Bugun ganga ɗaya bai kai daƙiƙa ba. Mai yanka gajerun sautuka kaɗan ya ishe shi. Mai son kunna dogayen muryoyi da cikakken amshi shi ne ke bukatar wadda ke da ajiya mai faɗi ko katin memori.

Ga inda nake so ka tsaya da kyau, domin masu tallar na'urorin nan a ƙasashen da ake ƙera su ba za su faɗa maka ba. Yawancinsu an gina su ne a kan taki 16, wato bugu huɗu kowanne an raba shi huɗu, tafiyar hip-hop da kiɗan disko. Kiɗanmu da yawa kuwa a kan uku-uku yake tafiya, abin da masu rubuta kiɗa ke sa wa 6/8 ko 12/8. Ka saurari ƙwarya ko kalangun biki kana ƙirgawa a zuci za ka ji shi. In ka tilasta wa irin wannan kiɗa ya zauna a gida 16, zai fito a sandare, kowane bugu yana wurinsa amma rawar ta gudu. Saboda haka kafin ka biya, tambayi ko ana iya rage tsawon zagaye ya koma taki 12, ko kuma a sa ma'aunin uku-uku, wanda za ka ga an rubuta 1/8T ko 1/16T. MPC tana yi, Digitakt tana bari ka sauya tsawon zagayen. PO-33 kuwa a 16 take daskare. Haka kuma ka tabbatar ana iya kashe abin nan mai gyara taki, wanda ke jawo kowane bugu ya ajiye shi daidai kan layi. Mai haɗa kiɗa J Dilla, wanda MPC3000 ɗinsa ke ajiye yau a gidan tarihin Baƙaƙen Amurka da ke Washinton, ya yi suna ne da barin bugunsa ya ɗan riga ko ya ɗan makara. Makaɗanmu tun kaka da kakanni haka suke yi, kada ka sayi na'urar da za ta hana ka.

Sai kalangu da 'yan'uwansa, jauje da kotso, gangunan da muryarsu ke hawa da sauka. Kalangu magana yake yi, kuma maganar tana fitowa ne daga matsa tsirkiya a hammata da sakinta a daidai lokacin da ake bugu. In ka ɗauki bugu ɗaya ka baza shi a kan madannai kana ɗaga shi kana saukewa da na'ura, za ka samu sautuka masu hawa daban-daban, amma wannan lanƙwasar da ke tsakaninsu, wadda ita ce harshen, ba za ta zo ba. Abin yi shi ne ka ɗauki jimloli cikakku daga hannun makaɗi, gajeru da dogaye, ka kuma ɗauki bugu iri-iri, mai ƙarfi da mai taushi, matsattse da sakakke. Wannan yana nufin kana bukatar samfila mai madannan da ke jin ƙarfin yatsa, mai sauƙin yanka dogon ɗauka gunduwa-gunduwa, kuma mai iya miƙa sauti ko taƙaita shi ba tare da muryarsa ta sauya ba, domin jimlar makaɗin ta hau kan saurin waƙarka.

Tunda maganar ɗaukar sautin wani ta taso, a yi ta a gama. Makaɗin da ka zaunar ka ɗauki hannunsa, ka gaya masa abin da za ka yi da shi, ka biya shi, ka sa sunansa. Shekarun da ya kwashe yana koyo ne kake ɗauka a cikin rabin awa. Tsofaffin faya-faye kuma suna da masu su. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ka ga ke nan waƙoƙinsa ba kayan tsintuwa ba ne, akwai magada. A Amurka tun 1991 kotu ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda ya ɗebi waƙar Gilbert O'Sullivan ba izini, kuma tun daga lokacin neman izini ya zama dole a harkar. Yau ma ba sai an je kotu ba, YouTube kansa yana gano sautin da aka yi wa rajista ya karkatar da kuɗin bidiyon ko ya toshe shi. Ka yi atisaye da abin da ka ga dama a ɗakinka, amma abin da za ka saki, nemi izini.

Wuta. Duk kyan na'ura in ba za ta kunnu ba a lokacin da kake da sukuni, ado ce. MPC One da RC-505 sai da wutar soket, kuma in aka ɗauke kana tsakiyar aikin da ba ka ajiye ba, ya tafi. SP-404MKII tana aiki da batura shida irin na tocila ƙanana, tana kuma karɓar wuta ta USB-C daga fawa bank mai ƙarfi. MPC Live II da Circuit Rhythm ta Novation da batirin caji a cikinsu suke zuwa. A wurinmu wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce, ni a ganina ya fi yawan layuka da yawan kwalliyar sauti muhimmanci. Ƙari a kan haka, na'urar da ke kan batir ba ta kwaso gurnanin nan da janareta da wasu inbata ke zubawa cikin lasifika.

A kula da adafta ƙwarai. Wutarmu a Najeriya da Nijar tsakanin bolt 220 da 230 take, ta Amurka kuwa 120. Kayan da aka kawo daga can, karanta jikin adaftarsa: in an rubuta 100 zuwa 240, lafiya, in 120 kaɗai aka rubuta, kada ka kuskura ka soka shi a bango. Sannan ƙananan lufofin takawa bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin wayarsu nagatif ne, saɓanin yawancin adaftocin da ake samu a shagon kayan wuta. Bakin zai shiga daram, amma yana iya ƙona na'urar. Kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". In za ka haɗa ta da fiyanonka su yi tafiya tare, duba ramin MIDI a jikin kowannensu, domin ƙananan Yamaha PSR na baya-bayan nan da yawa USB kawai gare su, Ditto da RC-1 kuma ba su da MIDI gaba ɗaya. Lokacin hunturu ka riƙa rufe ta da ƙyalle, ƙura ce ke fara kashe madannai da abubuwan murɗawa, kuma kada ka bar ta cikin mota a rana.

Ga wanda har yanzu zuciyarsa ke rawa, akwai gwaji mai arha. Sauke Koala Sampler a wayarka, tana aiki a Android da iPhone, kuɗinta kaɗan ne. Ka yi wata guda kana ɗaukar sautin gida, turmi da taɓarya, tafi, murfin tukunya, kana haɗa kiɗa da su. In ka ga dare na raba maka kana yanka kana jerawa, samfila ta kira ka. In kuwa kullum ƙosawa kake yi, so kake kawai ka danna ka rera ka ɗora, to lufa ce. Na fi son mutum ya sayi ƙaramar na'ura ya san ta ciki da bai, a kan ya ci bashi ya sayi babba ya tsaya a shafi na uku na littafinta. Kuma a cikin kuɗin da ka tara, ka ware na makirufo da hedifon da wayoyi masu kyau tun farko, kada na'ura ta cinye duka.

Yawancinmu na hannu za mu saya, ko a Alaba ta Legas, ko a Sabon Garin Kano, ko ta hannun wani da zai taho da ita daga waje. Ba laifi, na'urorin nan suna da ƙarko in an riƙe su da kyau. Amma ranar da za ka je, tafi da makirufonka da hedifonka da katin memori. Danna kowane madanni a hankali, ka sake danna shi da ƙarfi. Murɗa kowane abin murɗawa kana saurare ko zai yi ƙaraf-ƙaraf. Girgiza waya a cikin kowane rami ka ji ko sauti zai yanke. Buɗe gidan batir ka duba tsatsa da farin garin da batir mai yoyo ke bari. Ɗauki sauti, ajiye shi, kashe na'urar, kunna ta, ka ga ko yana nan. Tambayi adaftarta ta asali. Sannan ka buga kiɗan uku-uku da hannunka ka ji yadda ta mayar maka da shi. In mai kaya ya ce ba a gwadawa sai an biya, yi masa godiya ka riƙe kuɗinka, ka nufi shago na gaba.